Ƙafar da Aka Yafe

Har yau idan na ji mutum mai ƙafa biyu lafiyayyu ya buɗe baki yana ce wa wani ya yi haƙuri ya yafe, sai in tashi masa da faɗa. Jikokina suna cewa tsufa ne ya sa ni faɗa. Ba tsufa ba ne, da faɗana aka haife ni, sai dai akwai shekarar da aka ƙara masa gishiri, ita ce kuma nake so in ba da labarinta tun ina da sauran hankalina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Dutse da Kiyawa. Ɗan mitsitsin gari ne, in ka yi atishawa a bakin masallaci na ƙarshen gari zai yi maka addu'a. Mahaifina shi ne limamin garin, shi ke kuma karantar da yaran unguwa a zaurensa. Bai sami ɗa namiji da ya rayu ba, saboda haka ni ya zaunar ya ɗura wa karatun da ya so ya bar wa ɗa. Na sauke Alƙur'ani, na shiga littattafan fiƙihu, ina surfe ina bitar hukunci. Da ya tashi ba ni aure, sharaɗi ɗaya ya kafa wa wanda nake so: 'yarsa ba za ta taka gona ba. A wancan zamani macen da ke noma a bainar jama'a kallon baiwa ake yi mata, ko wadda ba ta da kowa, 'yar liman kuwa sai tsakar gida. Maigidana ya karɓi sharaɗin yana dariya, don ya san yana da ƙarfin cika shi.

Dogo ne, mai sanyin hali, irin mutanen da in ka taka su su ne za su ce maka sannu. Da damina yana noman gero da dawa da 'yar gyaɗa. Da rani kuwa masu dabino na wajen Dutse har gida suke aikowa a kira shi, don ba a cika samun mai hawa irinsa ba, ya dawo mana da dabino a buhu. Duk abin da muka ci a gidan nan, ni da shi da tsohuwarsa da 'ya'yanmu biyu, daga ƙafafunsa biyu ya fito. Ba shi da wa, ba shi da ƙane, dukiyarsa jaki ɗaya ce da awaki uku.

Ina goyon ɗana na biyu aka zo da maganar hanyar mota. Akwai wani tsohon burtali da shanun Fulani ke bi ta bayan gari, da shingen aguwa hagu da dama don kada dabbobi su faɗa gonaki. Shi aka ce a gyara wa Turawa. Aka tara mazan gari suka yi ta sara da cike rami ba ko sisi, maigidana yana cikinsu. An gyara shi daidai cikin mota ɗaya, aka bar shingen yadda yake, don ba mai gonar da ya yarda a ci masa ko taku ɗaya. In mota ta shigo wurin nan, wanda ke ciki ba shi da inda zai matsa sai jikin aguwa.

Da aka gama, dagaci ya sa aka yi shela. Ina tsakar gida na ji mai shelar yana cewa duk wanda mota ta riska a hanya, in a kan dabba yake ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi jinjina har ta wuce. A saninmu ba mai shiga mota sai Bature, kuma dama haka aka saba yi wa dokinsa. Ba wanda ya zauna ya yi tunanin cewa doki yana da ido, yana ganin mutum ya kauce, mota kuwa ba ta san sannu ba. A duk tsawon shelar nan ba a ce wa kowa ya bar hanya ba. An koya mana yadda za mu gaishe ta, ba a koya mana yadda za mu tsira daga gare ta ba.

Da maigidana ya shigo na ce masa, "Maigida, wannan wane irin wulaƙanci ne? Yanzu har ƙarfe za a durƙusa wa?"

Ya yi murmushi ya ce, "Ke dai kin cika zafi. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ya wuce ka tashi da tsawonka."

Shi dai bai tashi da tsawonsa ba. Da bazara ne, lokacin kai taki gona. Ya ɗora wa jaki mangala da hantsi ya kama burtalin nan. Ban ga abin da idona ba, amma na ji shi daga bakinsa, na kuma ji daga bakin wata Bafulatana da ke kawo mana nono, wadda ke tafe a bayansa a ranar, kuma maganarsu ba ta saɓa ba. Ya ji ƙugin mota daga nesa. Yana da lokacin da zai ja jakinsa ya koma baya zuwa wata kafa da ke jikin shingen ya shige gona. Bai yi haka ba, ya yi abin da aka ce a yi. Ya janyo jaki gefe, ya tuɓe takalmansa, ya naɗe igiyar jakin a wuyan hannunsa na hagu, ya durƙusa ya ɗaga na dama. Naɗe igiyar nan kowa haka yake yi in zai gaida babba, don sakin dabba ta yi yawo a gaban mai mulki rashin ladabi ne, kuma hannun jinjina ba ya riƙe komai.

Da direban ya iso dab da su sai ya matsa ƙahon motar. Jakin da bai taɓa jin irin wannan ƙara ba ya zabura. Bayansa aguwa, saboda haka gaba ya yi, ya tsallaka ta gaban motar, ya fizgo maigidana daga durƙuso ya shimfiɗa shi a tsakiyar hanya. Jaki ya bugi fitilar motar ya wuce da ɗan ƙujewa a kafaɗa. Tayar gaba ta bi ta kan ƙafar maigidana ta dama, ƙasa da gwiwa. Bafulatanar ta ce direban ya tsaya, ya fito, fitilar ya fara dubawa sannan ya dubi mutum. Ya yi salati, ya ce zai je ya sanar da dagaci, ya shiga motarsa ya tafi.

A kan ƙyaure aka shigo mini da shi. Ba zan faɗi yadda ƙafar take ba, na dai san tsohuwarsa da ta gani zama ta yi a ƙasa ba ta shirya ba. Aka ɗauko wani maɗori daga wajen Jahun, dattijo mai ƙarancin magana. Ya shafa, ya ja, ya jera kara ya ɗaure, maigidana yana cizon zani. Da ya fito wanke hannu na tare shi na tambaye shi gaskiya. Ya ce, "'Yar nan, wannan ba karaya ba ce, niƙa ce. Zai rayu, zai taka da sanda in Allah ya so. Amma shi da bishiya sun yi sallama, noma ma bana kada ku sa rai."

Ga damina saura kaɗan, ga rumbu ya yi ƙasa kamar yadda yake yi wa kowa a irin wannan lokaci. Na zauna a bakin murhu na yi ta juya abin a raina, na ga hanya ɗaya ce ta rage mana. Na karanta a gaban mahaifina cewa wanda ya raunata mutum, ko da kuskure ne, akwai diyya a kansa. Motar ta wani Baturen kamfani ce mai sayen gyaɗa da fata, ba matsiyaci ba ne. In aka kai magana gaban alƙali aka ba maigidana haƙƙin ƙafarsa, za mu sa a yi mana ƙwadago bana, mu sayi ɗan abin da zai riƙa juyawa yana zaune. In ba a ba shi ba, to ban san me za mu ci ba. Ban nemi a ɗaure kowa ba, abin da za mu rayu da shi nake nema.

Kashegari Bafulatanar ta zo da nono da gaisuwa. Ta ajiye ƙwaryarta, ta waiga, ta rage murya ta ce, "'Yar malam, akwai abin da ban faɗa wa mazan nan ba. Wallahi babu Nasara a motar nan."

Na ce, "To wa ke ciki?"

Ta ce, "Akwatuna, da gado mai naɗewa, da bahon wanka. Sai wani jan kare zaune a kujerar gaba, ya zaro harshe. Shi maigidanki ya hango ya ɗauka mutum ne."

Ashe kaya aka aiko direban ya kai bariki, maigidan nasa yana can baya sai bayan kwana biyu zai taso. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutumin da ba ya fashin sahun farko, ya tuɓe takalmi ya durƙusa wa kare, ya kuma ba da ƙafarsa a kai. Na roƙe ta ta rufe bakinta, ta ce ai ta riga ta faɗa wa matar dagaci a hanya.

Kwana biyu ina yi wa maigidana maganar diyya, yana cewa in bar shi ya ji da ciwonsa. Sai tsohuwarsa ta dawo daga rijiya da labarin cewa gobe dagaci zai zo da dattawa da direban, neman yafiya za su yi. Na san al'adar garinmu sarai. In wanda aka cuta ya ce ya yafe a gaban shaidu aka shafa Fatiha, magana ta mutu, ko ɗansa ba zai tashe ta ba. Na kuma san halin mijina, ba ya iya kallon idon dattijo ya ce a'a. Sai na ce bari in hura masa wuta a zuciya yadda gobe ko sarki ne ya zo ba zai lanƙwasu ba. Na shiga da kokonsa, na zauna a gefen gado, na kwashe labarin kare na faɗa masa tas, har da zaro harshen.

Na zaci zai yunƙura ya yi rantsuwa. Sai ya ce, "Wa da wa suka sani?"

Na ce, "Ina ruwanka da wanda ya sani? Haƙƙinka za ka nema."

Ya juya fuskarsa bango, kokon ma bai sha ba. Baki shi ke yanka wuya, kuma a ranar nawa ne ya yi yankan. Na yi shekara da shekaru ina kwana da tashi da mutumin nan, amma ban san cewa ya fi tsoron dariyar mutane a kan yunwa ba. Wannan kuskurena ne, ban taɓa ɗora wa kowa shi ba.

Suka zo da hantsi. Da yake ba ya iya fita zaure, aka fito da shi ƙarƙashin rumfa a tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi. Ni ina bayan zanan madafi, ina ganinsu ta kafa. Ga dagaci da rawaninsa, ga mahaifina, ga dattawa huɗu, ga direban a rakuɓe, wani ɗan Kano mai gajeren wando, ya ajiye ƙullin goro da dunƙulen sukari a gabansa. Abin da aka kawo a madadin ƙafar mijina ke nan.

Dagaci ya fara da doguwar gaisuwa da jaje, sannan ya shiga abin da ya kawo shi. Ya ce ƙaddara ta riga fata. Ya ce wannan bawan Allah yaron Bature ne, kuma shari'a da yaron Bature shari'a ce da Bature. Ya ce an fasa wa mutane fitila, wadda ko a Kano ba a ƙera ta, in magana ta yi sama, garin nan gaba ɗaya za a tambaya. Ya ce faɗan da ya fi ƙarfinka sai ka mai da shi wasa. Ni na san abin da ke cin sa. In magana ta yi sama za a tambayi wanda ya ce mutane su durƙusa a hanyar da ba ta da gefe, shi kuwa rawaninsa ya fi masa ƙafafun garin duka.

Direban ya ce wallahi ba da gangan ya yi ba, an koya masa ya busa ƙaho in ya ga mutum, shi ya sa ya busa. Ya ce yana da iyali, in maigidansa ya ji an kai ƙara korarsa zai yi. Shi kam ban ji haushinsa sosai ba, talaka ne mai tsoro kamar kowa. Wanda na zuba wa ido shi ne mahaifina. Shi ne mai ilmin wurin, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta tsai da maganar da ƙafarta.

Ya gyara murya ya ce a shari'a wanda ke jan dabba shi ke da alhakin abin da ta ɓata. Jaki na mai rauni ne, igiya a hannunsa take, jakin ne ya shiga gaban mota. Ya ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ya ce tunda kowane ɓangare akwai abin faɗa, abin da ya fi shi ne a yafi juna, ladan mai yafiya yana wurin Allah.

Ban san lokacin da muryata ta fita ba. Daga bayan zana na ce, "Baba, ku gafarce ni. Ku da bakinku kuka karantar da ni cewa mahayi shi ke da alhakin abin da dabbarsa ta taka. Ita motar ba ta da mahayi ne? Ko kuwa in dabbar ta Bature ce sai a rufe wannan shafin a buɗe na jaki? Wa ya sa shi durƙuson? Wa ya sa aka yi shela?"

Wani dattijo ya ce a'uzubillahi, kamar ya ga maciji. Mahaifina bai waiwayo ba, ya ce, "Ke, maza na magana."

Na ce, "Mazan ne za su ci da mu, Baba?"

Dagaci ya ɗaga hannu ya ce a ƙyale ni, zafin ciwon miji ne. Sannan ya sunkuyo wajen maigidana, ya yi magana a hankali, amma yadda kowa zai ji. Ya ce, "In kana son alƙali, ni da kaina zan sa a ɗauke ka a kai ka. Sai dai ka san gaban alƙali ba a ɓoye komai. Za a kira shaidu su faɗi yadda aka yi, da wanda ke zaune a motar, da wanda aka yi wa gaisuwar. Ranar kasuwa ake zama, kowa yana ji." Ya ɗan dakata, ya ƙara da cewa, "Maganar gona kuwa kada ta dame ka. Ga dattawa shaida, gayya za mu yi maka, gonarka ce za a fara nomewa kafin tawa."

Na ga fuskar maigidana ta kafar zanan nan. Da ban faɗa masa ba, da bai gane inda dagaci ya dosa ba, da wataƙila ya tambaya, da wataƙila fushi ya zo masa a gaban mutane maimakon kunya. Amma ya riga ya kwana da abin, ya gama jin dariyar 'yan kasuwar Dutse a kunnensa, ya gama jin sunan da yara za su laƙaba wa 'ya'yansa. Ya dubi mahaifina ya ce, "Malam, me kuka gani?"

Mahaifina ya ce, "Ka yafe, ɗana."

Ya ce, "Na yafe, duniya da lahira."

Aka shafa Fatiha. Aka kwance ƙullin goro aka raba, waɗanda suka zo jajen ƙafar suka cinye kuɗinta a wurin, har da mai sa guda biyu a aljihu. Sukarin na ɗauka na wurga a juji, tsohuwa ta bi ta tsince shi ta kakkaɓe, ta ce ita ba ta yi faɗa da sukari ba.

Ruwa ya sauka. Shuka ba wuya, tsohuwa da wasu maƙwabta biyu suka rufa mana asiri a yini ɗaya. Noman fari shi ne magana, shi ne lokacin da kowa ke tsere da ciyawa a gonarsa, ko gaisuwa a tsaye ake yi. Tsohuwa ta je ƙofar dagaci aka ce gobe. Ta koma aka ce jibi, sai an gama ta wane. Ta koma karo na uku aka ce ya tafi gaida hakimi. Dattawan da suka yi shaida, kowa ta tare sai ya ce ai dagaci ne zai sa rana. Gonar dagaci kuwa tuni an nome ta tas, ana hango ta daga burtali. An ce alkawari kaya ne, to su a ƙofar gidanmu suka sauke nasu suka tafi.

Ciyawa ta kamo gero ta wuce shi. Ran nan ina daka na nemi maigidana a rumfa na rasa. Ashe ya ja jiki da sanda ya nufi gona, fartanya a kafaɗa. A bayan gari aka tsince shi, ya faɗi, ɗorin ya goce. Aka sake kiran maɗori, ya sake ja, ya ce in ya ƙara irin wannan kada a ƙara aiko masa. Daga nan ne ƙafar ta warke a karkace, ta fi ɗayar gajarta har ya koma ga Allah. Ranar na ga ƙaton mutum yana kuka kamar yaro, yana cewa in yafe masa. Na ce masa na gaji da jin kalmar nan a gidan nan.

Washegari da sassafe na goya ƙaramin, na bar babban wurin tsohuwa, na ɗauki fartanyar maigidana. Akwai hanyar bayan gida da zan bi ba wanda zai gan ni. Ban bi ta ba. Ta tsakiyar gari na bi, ta gaban masallaci, ta ƙofar gidan dagaci, fartanya a kafaɗa, ban gaida kowa ba. Ban iya noma ba, tun da aka haife ni ban taɓa yi ba. Kafin rana ta take bayana ya ƙage, hannuna ya yi kanta ya fashe. Na yi kwana biyu ina yi, abin da na nome bai kai faɗin tsakar gidanmu uku ba, gonar kuwa tana nan shimfiɗe tana kallona. Mata suna ta kai maganata daga rijiya zuwa rijiya, wai 'yar liman ta zama baiwa.

A rana ta uku na ɗago na ga mahaifina tsaye a bakin gona da farar rigarsa, carbi a hannu. Tun ranar rumfa ban je gaishe shi ba, shi ma bai aiko ba. Na durƙusa na gaishe shi a inda nake, ban matsa ba.

Ya ce, "Ajiye fartanyar nan ki koma gida. Kin zubar mini da mutunci a garin nan. Da sharaɗi na ba da aurenki."

Na ce, "Baba, wanda ya ɗauki sharaɗin da ƙafa biyu ya ɗauke shi. Kun sa ya yafe ɗaya."

Ya ce, "Ni kike faɗa wa haka?"

Na ce, "Ku nake faɗa wa, don ku kaɗai kuka san gaskiya a wurin nan kuka taka ta. Dagaci tsoro ya ji, direba tsoro ya ji, mijina kunya ya ji. Ku me kuka ji? In na ajiye fartanyar nan jikokinku ba za su kai kaka ba. Ba zan koma gida in bar ta a ƙasa ba, sai dai in bar ta a hannun wani." Na tashi na tako har gabansa, na juya fartanyar na miƙa masa ƙotar.

Na zaci mari zan sha, na kuma shirya masa. Sai ya rataye carbinsa a wuya, ya tuɓe babbar rigarsa ya ninke ya ajiye a gindin wata kuka, ya karɓi fartanyar. Mutum ne da ya haura sittin, hannunsa bai san komai ba sai alƙalami da allo. Ya sunkuya ya fara, yana sare gero tare da ciyawa, ni ina binsa ina tsige abin da ya bari da hannu. Ban ce masa ya bari ba. Har rana ta take yana yi, da aka kira azahar ya sa rigarsa ya tafi ya ja salla da hannu yana zubar jini.

Kashegari ya dawo da fartanyar aro, ni da tawa shi da tasa. Haka muka yi ta yi. Da mutane suka ga limaminsu a duƙe, kunya ta koro wasu suka zo suka yi mana yini ɗaya. Dagaci bai zo ba, bai aiko ba. Mun makara, gefen gabas na gonar ciyawa ta riga ta cinye shi, abin da muka girba bai kai rabin na kullum ba. Awakin nan uku da jakin duk sun tafi kasuwa kafin wata damina, amma ba mu binne kowa ba.

Mahaifina bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ko a lokacin ko daga baya. Kullum in mun tashi daga gona da la'asar sai ya biyo ta gidanmu, ya gaida maigidana, ya zauna a kan turmi in wanke masa hannu da ruwan ɗumi in shafa masa man kaɗe. Sati guda bai iya riƙe alƙalami ba, yaran unguwa da baki kawai ya yi musu karatu. Ran da muka gama noman fari ina shafa masa man, kansa a ƙasa, ya ce, "Har yanzu fushi kike yi da ni?"

Na ce, "E, Baba."

Ya ce, "To."

Ya miƙo mini ɗaya hannun.